Ranar da Aka Yi Ƙanƙara a Kan Yakuwata

Muna cikin cin tuwo Malam ya ce zai kafa wurin motsa jiki a bayan gida. Na ce ya bari mu gama cin abinci tukuna, ba a kawo irin wannan zance a kan akushi. Ya ce shi katako zai kafa ya riƙa hawa. Na ce, "Malam, bayan gidan da in mutum ya juya sai ya buge buta?" Sai da ya kai ni ƙofar kicin ya nuna min ɗan filin da ke baya, sannan na gane Turanci ya fassara a kansa ya miƙo min ɗanye. Digiri na uku yake yi a lokacin. Ni sai da na yaye ɗana na huɗu na fara zama a aji, amma na san abin da ake yi a bayan gida.

Filin nan bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. A hawan ƙasa muke haya a unguwar Pantai Dalam da ke Kuala Lumpur, kuma filin yana da mai shi, wato yakuwata. Goggona ce ta ƙulle min irin a leda ranar da za mu taho, ba mu shekara ba ta rasu. Shukar farko ruwan garin nan ya ruɓar da ita. Ta biyu katantanwa suka yi walima da ita. Wannan ita ce ta ƙarshe, na juye ledar kaf, ga shi ta kai ƙuguna ta fara fure. 'Ya'ya kawai nake jira ta yi in sami iri.

Malam ya ce ai ana sayar da yakuwa a kasuwa. Na ce ana sayar da hula ma a kasuwa, me ya sa yake ɓoye ta babansa a ƙasan akwati?

Abin da ya jawo duk wannan wani abokin karatunsa ne, mutumin wata ƙasa mai sanyi, inda ruwa kan taho daga kan dutse ya daskare a hanya kafin ya iso ƙasa. Wai maza sukan ɗauki ƙarfe su hau wannan ruwan. Ya nuna wa Malam a waya, ya gayyace shi in sun gama karatu, Malam ya amsa. Mutumin da in mun shiga jirgin ƙasa na cikin gari sai ya sa rigar sanyi saboda iyakwandishan.

Na ce masa a garinmu ƙanƙara ce ke faɗo wa mutum, ban taɓa jin mutum ya hau ta ba. In ta sauko yara su tsince ta suna tsotsa, manya su dafe kai, don sun san gona ta tafi. Ba ta da abokin gaba kamar ganye. Ya ce, "Hajiya, wannan wasa ne na kimiyya." Na ce Allah ya ba kimiyya lafiya.

Ya yi ta kwaso katakon da ake ɗora kaya a kai daga bayan wani kanti, ya jera shi a jikin bango har kusa da barandar mutanen sama. Bango ɗaya ne ba shi da taga, kuma shi ne wanda yakuwata ke gindinsa. Ya kakkafa guntayen itace nan da can. Abokin ya ara masa wasu ƙarafa biyu masu lanƙwasasshen baki kamar lauje, da takalmi mai haƙora, da hular kwano. Kullum bayan la'asar sai ya maƙala laujen nan a itace ya ja jikinsa sama, ya tsaya yana lilo kamar jemage, gumi na ɗiga a kan furanni.

Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, Makcik muke ce mata, kamar dai inna. Ta leƙo ta kan katanga ta tambaye ni ko maigidan gyaran iyakwandishan yake yi, don nata ya lalace. Na ce mata a'a, shi ne ya lalace.

Rigimarmu ta farko a kan katifa aka yi ta. Yana so ya shimfiɗa tsohuwar katifar baƙi a ƙarƙashinsa ko da zai faɗo, ƙarƙashinsa kuwa yakuwa ce. Na ce in ya ga katifa a kan shukar nan to ba na numfashi. Aka jingine ta a ƙofar kicin, inda ba ta da amfani ga kowa, ya ce in ya tashi faɗuwa zai yi ƙoƙari ya nufi can.

Wata Asabar ya ce katako ba ƙanƙara ba ne, dole hannunsa ya san ainihin abin. Ya je wurin masu kai wa 'yan kifi ƙanƙara ya sayo wani ƙaton dunƙule kamar akwatin lefe. Shi da mai babur suka yi ta nishi har suka ɗora shi a kan wata kanta da ya ƙera a can saman, suka ɗaure da igiya. Rana kuwa ta take. Kafin Malam ya gama ɗaure takalmi mai haƙora, dunƙulen ya rame, yana ta hawaye a jikin katako, ga ƙarnin kifi ya cika filin. Kuliyoyin unguwa suka jeru a kan katanga kamar an kira su shaida.

Na ce, "Malam, in ka sari abin nan, ina ɓaraguzan za su?"

Ya ce, "Ba ta fashewa, baki kawai ke shiga. Na kalla sau da yawa."

Ya hau. Ya kai mata sara ɗaya, sai ga ƙanƙara tana zuba. Na shekara ban ga an yi ƙanƙara a Kuala Lumpur ba, ranar aka yi ta, kuma a kan yakuwata kaɗai. Na ruga na ɗauko faifai da murfin tukunya ina tarewa, furanni na kaɗewa. Na ɗaga kai zan gaya masa abin da ke bakina, sai na ji ƙas. Dunƙulen ya tsage, lauje ɗaya ya suɓuce, haƙoran takalmin suka zame a jiƙaƙƙen katako. Malam ya rage a hannu ɗaya, yana juyawa a hankali kamar naman da aka rataye.

Ya ce, "Hajiya, katifa."

Na duba ƙasansa. Yakuwa ce, a gefenta kuma bakin kwata na siminti, daidai inda ƙeyarsa za ta sauka.

Na ce, "Ba ka ce za ka nufi ƙofar kicin ba?"

"Hajiya."

"Za ka iya riƙewa in tono ko guda biyu in sa a bokiti?"

"Yatsuna sun mutu."

Makcik ta leƙo tana tafa hannu, tana cewa in yi sauri, in yi sauri. Na jefar da faifai na jawo katifar nan, na kifa ta a kan shukar goggona da hannuna. Ina jin karayar kara a ƙarƙashinta. Na ce, "To, sauko, ɗan kimiyya." Ya sako hannu ya faɗo tim. Rabin dunƙulen ya biyo shi ya dira tsakanin ƙafafunsa. Ya kalli ƙanƙarar, ya kalle ni, ya yi salati a hankali. Ko ƙwarzane bai yi ba, abin da ya ƙara ɓata min rai ke nan.

Da muka ɗaga katifa na tsinke ganyen kaf, don ba zan bar wa katantanwa ba. Na dama fate babbar tukunya. Matan 'yan'uwanmu ɗalibai suka zo har daga unguwar Danau Kota, wata ta sha tana hawaye wai ta tuna gida, tana tambayata yaushe zan sake yi. Na ce ta tambayi Malam, shi ne mai girbi. Makcik ta sha kwano biyu ta ce a yi mata tapau, wato a ƙulle mata na tafiya da shi.

Washegari na ga kara ɗaya a can kusurwa, wanda tun farko ya karkace yana neman rana, katifa ba ta kai gare shi ba. Fure biyu ne a jikinsa. Na kira Malam na nuna masa da haɓa. Kafin azahar ya kwance katakon nan gaba ɗaya ya kewaye karan da shi, shinge har kafaɗa, kamar ana tsaron ɗan sarauniya. Da yamma yakan sa hular kwano ya tsuguna yana tsince katantanwa, ya cire ciyawa da laujen aro. Na ji shi yana gaya wa Makcik wai shukarmu ta kusa yin 'ya'ya. Na ce daga kicin, "Ta wa?" Ya ce, "Ta Hajiya."

Da irin ya bushe bai cika tafin hannuna ba. Na ƙulle shi a ledar goggo, na rasa inda zan ɓoye shi a gidan da yara ke bincike ko'ina. Daga ƙarshe na tura shi can cikin takalmi mai haƙora, na dama, wanda har yau mai shi bai waiwaye shi ba, don na tabbata babu ƙafar da za ta sake shiga ciki.