Akushin Malam Gwadabe

Malam Gwadabe mai ɗinkin gafaka bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba sai da ya kai shekara sittin da uku a duniya. A unguwar Kabara aka haife shi, a nan ya gaji aikin fata daga mahaifinsa, ya kuma gaji zauren da mazan lungunsu suke haɗuwa kullum bayan sallar magariba. Kowa ya fito da akushin gidansa, a jera a tsakiya, a wanke hannu a ƙwarya ɗaya, a fara da na wanda miyarsa ta fi ƙamshi. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranar, sai ya zo da hannunsa kawai, ba mai tambayarsa. Su bakwai ne da can, mutuwa ta rage su zuwa huɗu. A cikinsu akwai Isiyaku marini, wanda rini ya kama hannunsa har gwiwar hannu, kullum Gwadabe sai ya ce shi ne yake ɓata musu farin tuwo. Shekara arba'in suna wannan faɗa, ba wanda ya taɓa sauya wurin zama.

Daminar 1956 ce ta raba shi da wurin. Aka yi ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa, zauren ya sha ya ƙoshi, da hantsi ya rufta, ya ja ɗakin da ke jikinsa. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Matarsa Turai ta riga ta rasu, 'ya'yansa mata duk suna ɗakunansu. Sai ɗan farinsa Jafaru, wanda yake aikin akawu, aka kuma ba shi gida a sababbin gidajen ma'aikata da aka yanka a gangaren Goron Dutse. Jafaru ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ka taho wurina, in rani ya yi sai a gyara." Gwadabe ya ɗauki kayan aikinsa da buzunsa da akushinsa ya bi shi.

Unguwar ba ta da laifi ga mai kallo. Gida ashirin ne, goma suna kallon goma, kowanne da rufin kwano da lamba a ƙofa. Hanya ta miƙe ɗoɗar a tsakaninsu, an dasa darbejiya a jere. Iska tana sauka daga dutse, ba warin kwata, ba sauro. In ka tsaya a barandar gida mai lamba tara, wato na Jafaru, kana hango birni a ƙasa da hayaƙin girkinsa. Sai dai shiru. Gwadabe ya ce maƙabarta ma ta fi nan motsi, don can aƙalla ana zuwa ziyara. An hana awaki, an hana kaji yawo, masu talla kuwa ba mai wahalar da ƙafarsa ya hau gangaren. Wanda ya zana gidajen nan, ko wane ne shi, ya tuna da taga, ya tuna da famfo, ya tuna har da wurin jingine keke, amma ya manta da zaure. To, namiji ya zauna a ina?

Ranar farko Zaituna, matar Jafaru, ta kai masa tuwo ɗaki. Ya dube ta ya ce, "'Yar nan, lafiyata ƙalau. Mara lafiya ake kai wa abinci ɗaki." Ya fito baranda, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye ruwan wanke hannu, ya zauna. Jafaru dai ba a maganarsa, don ɗan fari ba ya sa hannu a kwano ɗaya da ubansa, kunya ma ba za ta bar su su haɗiye ba. Maƙwabta yake jira. Suna dawowa daga sallah ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana ɗaga murya, "Bismillah!" Kowanne sai ya russuna ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba, a ci lafiya," ya shige gida ya rufe ƙofa. Can sai ka ji ƙarar cokali a jikin faranti, da muryar rediyo. Tuwo ya huce a gabansa. Ya kai loma biyu da ƙyar, ya rufe akushi.

Ya ce wataƙila rashin wurin zama ne. Ya samo zana da itace ya kafa 'yar rumfa a ƙofar gida, mai ɗaukar mutum shida. Kwana biyu ta yi. Mai kula da gidajen ya zo da takarda a hannu, ya gaishe shi da ladabi, ya ce rumfar ta ɓata tsarin layi. Gwadabe ya ce, "Layin nan, shi ma yana cin tuwo?" Mutumin ya yi dariya, amma da yamma sai da aka cire ta.

Da abin ya ishe shi, wata rana bayan sallah ya kama hannun rigar Malam Ashafa na gida mai lamba goma, ya ce, "Malam, yau kam sai ka taya ni." Ashafa mutum ne mai girmama manya. Ya ce, "To, Baba, ina zuwa yanzu." Gwadabe ya dawo da saurinsa, har da leƙa madafa yana cewa Zaituna ta ƙara man shanu. Ashafa ya zo kuwa, da faranti da cokali. Ya durƙusa, ya yanki gefen tuwon a tsanake, ya zuba miya, ya yi godiya mai yawa, ya ce zai ci a ciki kada labaru su wuce shi. Gwadabe ya daɗe yana kallon ramin da cokali ya bari. Shi abokin ci ya nema, aka mai da shi mai rabon sadaka. Ranar ko lomar biyun bai kai ba.

Wata shida ana haka, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Zaituna ta shiga damuwa, don ta san abin da dangi za su ce, wai ta bar surukinta da yunwa. Ta sauya miya, ta sauya tuwo, duk a banza. Jafaru ya ce, "Baba, ba wulaƙanci ba ne, mutanen nan gajiyar aiki ce take damunsu." Gwadabe ya ce, "Malam Akawu, mu a Kabara wasa muke wuni muna yi? Ga rani ya yi nisa. Yaushe za a ta da zaurena?" Jafaru ya sunkuyar da kai, ya ce magina sun duba, sun ce sai an rushe gidan duka, a bari sai baɗi. Gwadabe ya tashi ya shige ɗaki. Ya san irin wannan baɗin, ba ta da rana.

Washegari ya ce Zaituna ta yi girki da wuri. Bayan la'asar ya ɗaure akushi a tsumma, ya rufe da babbar riga, ya gangara. Dattijo mai furfura yana ɗauke da tuwonsa a tsakiyar birni abin kunya ne, ya sani, shi ya sa ya riƙa bin lunguna. Gwiwarsa ta dama tana sara. Magariba ta riske shi a hanya, ya yi sallah a wani masallaci, akushi yana ajiye kusa da takalmansa. Duk tafiyar nan haushin abokan cinsa uku yake ji, yana ganinsu a ransa suna zaune suna sheƙa dariya ba shi.

Da ya isa, zaurensa tulin ƙasa ne, busasshiyar ciyawa a kai, wata akuya tana kwance a inda yake shimfiɗa buzu. Ba kowa a lungun. Ya taka zuwa gidan Isiyaku ya yi sallama. A bayan ƙyaure ya same shi, ya juya wa hanya baya, da ɗan kwano a gabansa. Yana ganin Gwadabe ya ja gefen riga ya rufe kwanon.

Gwadabe ya ce, "Ina sauran?"

Isiyaku ya ce, "Mun gwada a ƙofar Garba wanzami, ruwa ya kore mu, muka ce a jira ka dawo. Garba ya bi ɗansa Fagge. Ɗanladi kuma ƙafa ta kwantar da shi."

"Wata shida ina can ina cin raina a kanku, ashe kai ma bango kake kallo."

"Kai aƙalla kana da iska."

Gwadabe ya zauna da ƙyar, ya kwance tsumma. Rabin miyar ta zube a hanya, tuwon ya yi tauri. Isiyaku ya turo kwanonsa tsakiya. Baƙin hannu ya shiga farin tuwo, ba su tsaya ba sai da suka suɗe akushi da kwano tas. Gwadabe ya jingina da bango. Yana tunanin gangaren da ke jiransa da gwiwar da za ta hau shi, yau da gobe da jibi.

Isiyaku ya ce, "Gobe ka fito da wuri, Gwadabe. Tuwon nan ya yi sanyi."

Gwadabe ya ɗaure akushinsa, ya dafa bango ya miƙe. Ya ce, "Kai kuma ka wanke hannun nan kafin in zo."