Kawu Sale da Maƙogwaron Motarsa

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san yadda yake gaisawa da mai mota. Kafin ya tambayi iyali sai ya ce, "Buɗe bonet." In ya ga akwatin matatar iska yana nan yadda kamfani ya ɗaura shi, ya miƙa hannu. In an cire, ya ce, "Allah ya shirya," ya wuce.

Ƙanin mahaifiyata ne, dillalin shanu a nan Daura. Da tsufansa ya sayo wata jar mota mai ƙofa biyu daga Kwatano, mai turbo, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, irin motar da aka ƙera don tsere. Bai taɓa tsere da ita ba. A hanyar Katsina masu babur kan wuce shi suna ɗaga masa hannu, shi kuwa yana tafe a hankali, wani lokaci da rago a kujerar gefe.

Samari suka sa shi gaba. Wai in aka cire akwatin nan da bututunsa, turbo zai riƙa fito ana ji daga nesa.

"Alhaji, motar nan a shaƙe take. A buɗe mata ta sha iska."

"Ta sha iska ko ta sha rairayi? Kai in za ka ƙauye rawani kake ja ka rufe hanci. Ita ba 'yar kowa ba ce?"

Wani bakanike a Kano ya taɓa ɓalle wata 'yar roba daga bututun ya yar, bai faɗa masa ba. Sai a Kazaure Kawu ya ji sautin injin ya sauya. Ya juya. Ya sa duk garejin suka tone bola har aka samo ta.

Bakaniken ya ce, "Wallahi Alhaji, ba ta da amfani."

"Wato wanda ya ƙera motar kyautar roba ya yi mini? Yaushe ka ga Bature ya yi kyauta?"

Abin bai tsaya kan mota ba. Da aka haifa wa babban ɗansa Nura yaro, wanzami ya zo ya zaro kayan aiki zai cire wa jariri beli.

"Sarkin Aska, me za ka taɓa?"

"Beli mana, Alhaji, yadda aka gada."

"Na hana a taɓa maƙogwaron da mutum ya ƙera, sai in bari a yanki wanda Allah ya yi? Yi masa aski, ka ɗauki namanka."

Matan gidan suka daɗe ba sa amsa masa sallama da kyau. Ko a jikinsa.

Nura ne ya fi kowa naci kan a cire akwatin motar. Duk bikin aboki sai ya zo ya durƙusa.

"Baba, yini ɗaya kawai. Da yamma in mayar."

"In na mutu ka cire."

Muka yi dariya. Ashe Nura wasiyya ya ɗauka.

Da Kawu ya rasu, ko sadakar bakwai ba a yi ba. Muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, sai muka ji fiton turbo daga bayan layi. Babu wanda ya ɗaga kai. Liman ya ci gaba da addu'a, ya ɗan ƙara murya.

Bayan 'yan makonni Nura ya kai motar biki garin Babban Mutum, ya yi ta juyi da ita a fili cikin rairayi, yara na ihu. Nan injin ya buga. Shanun huɗa ne suka ja ta zuwa bakin titi. Da aka buɗe turbon, yashi ya cinye cikinsa.

Na tambaye shi ko yanzu ya gane. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Dama tsohuwa ce."



Allah ya jiƙan Kawu Sale. Ya yafe masa taurin kansa, ya yafe mana dariyarmu. Allah ya yalwata masa makwanci, ya sa can ya huta da mu.