Gwaggon Duhu, Wadda Ta Bar Mana Launinmu

"Ba zan taɓa launinta ba, Yallaɓai. Yadda uwarta ta haife ta, haka za ta fito a takarda."

Amsar da Gwaggon Duhu ta ba mai shagon hoto ke nan, ranar da ya ce ta ɗan haska fuskar wata ɗaliba baƙa wuluk, wai haka kasuwa ke so. Ɗalibar ni ce, hoton kuma na ranar kammala karatuna.

Sunan ya bi ta ne daga ɗakin duhun da take wanke fim a bayan shago. Kullum da safe takan shanya fim a igiya, in ya bushe ta ɗauko 'yar na'urarta mai auna duhunsa. A jikin fim komai a juye yake: fuskar baƙin mutum fitowa take shara-shara kamar ɓawon albasa. A daidai kumatu take ɗora bakin na'urar, awon ya gaya mata hasken da za ta ba takarda don fuska ta fito da launinta, da ido, da murmushi. In kuwa awo ya nuna fuskar ba ta sami haske ba tun wajen ɗauka, mai ɗauka ya shiga uku.

"Ɗan nan, ka ɗauki riga ka bar mai riga! Koma ka sake."

"Haba Gwaggo, wa zai gane?"

"Matarsa."

Ta kuwa gane. Maƙwabta sun shaida wata tsohuwa da takan tsaya a bakin shagon ta yi wa Gwaggo addu'a, don hoton marigayi mijinta ya fito har da tabon goshinsa. Ni kuma da na kai nawa gida, Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yawwa, ga 'yata."

Ke dai ba ki taɓa ce mana baƙi kyau ne ba, Gwaggo. Aunawa kawai kika yi, kika buga mu yadda muke. Ma'auni ba ya son kai! Yau da kike rataye rigar aiki, mun gode, Allah ya ba da lada. Masu tasowa, ko wace sana'a kuka riƙa, ku nemi ma'auninku ku tsaya a kai.

Amma ku sani tsayuwa ba kyauta ba ce. Masu son a haska su sun tsallaka titi zuwa wani shago. Da Yallaɓai ya buɗe babban reshe, sai ya ba yaron da ta koya wa aiki shugabanci, don shi ba ya musu. Ita kuwa a ɗakin baya ta yi furfura, warin ruwan wankin fim ya zauna a yatsunta. Na tambaye ta ko tana nadama. Ta yi dariya.

"'Yar nan, na rasa kujera. Amma duk gidan da na shiga, mutanen da ke cikin hotunan jikin bango na san su."