Hantsin da Inna Ta Daina Sha

A gidanmu na Durun akwai wani wuri a gindin rumbu inda hantsi ke fara sauka. Duk wanda ya kwanta ciwo a gidan nan, nan Inna take shimfiɗa masa tabarma da safe. Mura, zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, duk sanyi ne a wajenta, kuma rana ce ke korar sanyi. Mu duka a nan muka warke, ko dai muka ɗauka a nan muka warke. Ita kanta da gwiwoyinta masu ciwo, ba ta fara aikin gida sai ta miƙe ƙafafu a wurin.

Autarmu kuwa yarinya ce mai ƙarfi kamar me, ita ke ɗaukar buhun gyaɗa tana yi wa yayyenta maza tsiya. Shekarar da ta gama sakandare sai ta fara tashi da yatsu a sanƙare. Gashinta ya riƙa biyo mataji. Wani tabo mai duhu ya fito mata a kumatu biyu, ya haye karan hanci. Inna ta ce sanyi ne, ta ɗauko tabarma. Kullum Auta na gindin rumbu, kullum tabon na ƙara ruruwa. Maƙwabta suka fara zuwa dubiya suna tsayawa daga bakin ƙofa, har na ji wata na raɗa wai ƙanjamau ce. Wallahi ranar da ba don girman furfurarta ba, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba.

Ni ce babba, ina aure a Gwarzo, don haka ni na kai ta asibiti. Daga can aka tura mu Kano. Bayan gwaje-gwajen jini da na fitsari, wata likita mai sanyin murya ta ce sunan ciwon lupus. Na ce, "Likita, ki gaya mini gaskiya, garkuwar jikinta ce ta karye?"

Ta ce a'a. Ta tambaye ni ko muna kiwo, na ce kakanninmu ma a bayan shanu suka tashi. Ta ce, "To, mai ƙanjamau kamar garke ne da karen gadinsa ya raunana, kowace kura ta shigo. Ƙanwarki karenta lafiyarsa lau, sai dai ya daina gane na gida, ya koma cizon maruƙa. Ba a ƙara wa irin wannan kare ƙarfi, ɗaure shi ake yi." Ta ce ba a ɗaukar ciwon daga jikin wani. Ta ba mu ƙwayoyin da za su lafar da garkuwar, ta ja mana kunne kan rana, domin rana na tayar da shi. Ta ce abin da take tsoro shi ne ya kai ga ƙoda.

Na mayar da Auta gida, na zauna na yi wa Inna bayani dalla-dalla. Ta yi hamdala da ba ƙanjamau ba ce. Amma da na zo kan maganin sai ta tsayar da ni. "Ke tsaya. Yarinya ba ta iya ɗaga buta, a ce a ba ta abin da zai rage mata ƙarfi? A kuma hana ta hantsi? Wane irin asibiti ne wannan?" Na sake maimaitawa, ta ce to ta ji. Na san wannan "to" ɗin na Inna, amma ina da yara a Gwarzo, dole na koma.

Da na dawo bayan wasu makonni, tun daga zaure na hango tabarmar a gindin rumbu. Auta na kwance, rana na dukan fuskarta, ƙafafunta sun kumbura har ba a ganin idon sawu. A gefenta ga wata kwalba mai baƙin ruwa, irin wadda masu mota da lasifika ke sayarwa a kasuwar Kabo, wai mai ƙara garkuwar jiki. Ƙwayoyin asibiti kuwa Inna ta rage su, sai ranar da zafin ya yi tsanani take ba ta.

Na ce, "Haba Inna! Haba!" Auta ta kama zanena ta ce, "Yaya, kada ki yi mata faɗa. Ita ke goya ni ta fito da ni." Na dubi Inna, tsohuwa mai ciwon gwiwa, na rasa inda zan sa fushina.

A wannan karon da Inna muka je Kano. Likita ta duba sakamakon ta ce ciwon ya taɓa ƙoda sosai. Inna ta gyara mayafi ta ce, "'Yar nan, gaya mini wanda ya yi mata. Mutum ne ko iska?" Likita ta ce, "Babu kowa, Inna. Jikinta ne ke faɗa da kansa." Inna ta juya ta dubi Auta. Matar da ta saba tsayawa a gaban 'ya'yanta ta kori duk abin da ya tunkaro su, yau an ce mata babu wanda za ta kora. Likita ta ƙara da cewa ciwon kan kai ga ƙoda ko da an kiyaye komai. Ban ga alamar Inna ta ji wannan ba.

Muna komawa ta sa aka kafa rumfar kara a ƙofar ɗaki, ta tsiyaye kwalbar a bayan gida. Ba ta sake tsallake ƙwaya ko ɗaya ba. Auta ta ɗan farfaɗo, har ta koma yi mana tsiya daga kwance. Amma ƙodar ba ta dawo ba. Da damina ta zagayo, Allah Ya karɓi abarSa.

Bara da sanyi na je gida da safe, na tarar da Inna a ƙarƙashin rumfar nan tana matsa gwiwoyi, jikinta na ɓari. Ga hantsi ya sauka a gindin rumbu, babu kowa a wurin. Na ɗauko tabarma na ce, "Inna, taso ki sha hantsi. Ke ai ba zai yi miki komai ba."

Ta dubi wurin ta daɗe. Sannan ta ce, "Bar ni a nan. Da bayana na riƙa kai ta."