Tabita Mai Auna Mazan da Ba Sa Gida

Duk ƙasar Matameye babu wanda ya san biranen Najeriya kamar Tabita, 'yar gidan Baba Yohanna, ko da yake iyakar tafiyarta Ɗan Barto, can kan iyaka, nan ma biki ya kai ta. A kan keken ɗinkinta ta san su. Ban da Lahadi, da take majami'a, kullum tana zaure tana yi wa 'yan ci-rani ɗinki alhali suna can uwa duniya.

Bara, da damina ta ƙarato, maƙwabciyarta Kande ta kawo yadin wando. Mijinta Shekara zai dawo bayan rani biyu, kuma uwar miji ta riga ta shaida wa unguwa cewa Kande ta manta ko faɗin ƙugunsa.

"Yaya Kande, wane gari yake?"

"Fatakwal."

"Sana'a fa?"

"Shayi, 'yar nan."

"To, ya yi tumbi. Da baro yake turawa a Kano, da na rage yatsa uku."

Ta rufe ido jim kaɗan, ta ɗauki almakashi. Mu da muke wurin muka zuba mata ido.

Shekara ya sauka daga mota, ya yi wanka, ya zura wando, ya zauna masa cif. Uwar miji ta kewaya shi sau biyu ba ta sami abin kushewa ba. Har garin Tsauni aka kai labarin baiwar Tabita.

Wandon dai na mazagi ne.