Alhaji Abdulhakeem Walker: Kwana Shida Muna Neman 'Yarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu 2024, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Abdulhakeem Walker, mai sayar da yadi a Bur Dubai. Yau kwana shida, kuma har yanzu ba mu kai shi makwancinsa ba.

Baba, kai ka share mana ɗakin bayan shagonka inda nake karantar da 'ya'yan Hausawa duk Asabar. Ka sayo allo da kujeru, ka hana a faɗi wanda ya saya.

Ranar da ɗalibaina suka tambaye ka yadda aka yi Bakano yake amsa sunan Bature, ka ajiye almakashi ka zauna. Ka ce kakanka Sabo kuku ne a gidan wani Bature injiniyan jirgin ƙasa. Da aka kai ɗansa makaranta, sai akawu ya rubuta masa sunan maigidan. Ka ce a Ingila ta da, Walker shi ne mai tattaka ɗanyen ulu cikin ruwa har ya yi kauri.

"Su da ƙafa, mu da bugu," ka ce. "Khalas, shi ke nan, duk gidan yadi ne."

Ka nuna musu a waya yawan masu sunan, daga Ingila har Amurka da Jamaika. Yara suka yi ta dariya, wai ka fi kowa dangi.

Wannan yawan ne yake ba ni tsoro yanzu. Asibiti sun ce ba za su saki gawarka ba sai ɗan'uwa na jini ya sa hannu. 'Yan'uwanka na Kano duk sun riga ka gidan gaskiya. Saura Saratu, 'yarka ɗaya, wadda mahaifiyarta ta tafi da ita Ingila tana shekara huɗu, bayan rabuwarku. A can Sarah Walker ake kiranta. Mun duba, masu wannan suna ba sa ƙirguwa. Mun aika wa arba'in da uku saƙo. Biyu ne suka amsa, suka ce mu yi haƙuri, ba su ba ne.

Kai da ba ka barin gawar baƙo ta kwana ba tare da ka tara mata jama'a ba, ga ka kwance cikin sanyi, ba wanka, ba likkafani. Ina tsoron kwanakin su zama watanni. Asabar ɗin nan yara sun tambaye ni inda kabarinka yake.

Allah Ya gafarta maka, Ya yi maka rahama, Ya gaggauta maka sutura. Ina yi wa 'yan kasuwar Bur Dubai ta'aziyya. Wanda ya san matar da aka haifa a Fagge a 1991, mai tabon ƙuna a hannun hagu, don Allah ya nemi shagon.

Saratu, Allah Ya ba ki haƙurin rashin da ba ki san kin yi ba. Mahaifinki yana jiran hannunki.

Wasila Ɗalhatu