Tsohuwar da Na Yi Jinya a Ma'adi

Shekara biyu na yi ina jinyar wata tsohuwa a unguwar Ma'adi da ke Alƙahira. Basabiya ce, wato 'yar ƙabilar Sabiyawa, daga Kosovo, Kirista. Wani injiniya ɗan Masar ta aura, ya rasu ya bar ta da ciwon ƙafa. Kullum daga unguwarmu ta Hayyin Ashir nake tasowa, in shiga ƙaramar bas, in hau jirgin ƙasa na metro, in iso a gajiye tun ban fara aiki ba.

Ina shafa mata man zafi take ba ni labarin garinsu. Ƙaramin gari ne mai tsohon coci, ƙauyukan Albaniyawa sun kewaye shi, yawancinsu Musulmi. Da ƙuruciyarta kasuwa ɗaya suke ci. Da yaƙi ya zo, sojojin Sabiya suka kori Albaniyawa, suka ƙone gidajensu. Da sojojin suka janye, korarrun suka dawo da fushi, aka ƙone na Sabiyawa. Waɗanda suka rage suka dunƙule a garin, makarantarsu daban, asibitinsu daban.

Na ce, "Mama, su wa suka fara?"

Ta ce, "Kowa da shekarar da yake farowa daga ita, 'yata. Ni dai na gaji."

Wata ranar Talata ƙanwarta ta bugo waya daga can. Maƙabartarsu a wajen gari take, sai da rakiyar 'yan sanda ake zuwa. Sun je, sun tarar an farfasa dutsen kabarin mahaifiyarsu. Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta ajiye wayar, ta dubi hijabina, ta ce, "Mutanenki ne."

Na ce, "Mama, ni 'yar Jos ce. Ina ƙarama aka ƙone shagon babana a rikici, ban taɓa cewa mutanenki ne ba."

Kwana uku ba mu yi hira ba. Ina yi mata wanka, ina ba ta magani, in kama hanya. A na huɗu ta riƙe hannuna ta ce, "Ma'alish," wato yi haƙuri. Na ce ba komai, ko da yake da saura a raina.

A makon ta kira ɗanta ta ce khalas, shi ke nan, kada a wahalar da gawarta a kai ta Kosovo, a binne ta a Alƙahira. Haka aka yi da ta rasu. Ban samu zuwa ba, na riga na fara aiki a wani gida a unguwar Madinat Nasr.